Habana: Birnin Da Ake Ɗaura Auren Inji Da Giyar Mota

Birnin Habana, hedkwatar ƙasar Kyuba, yana bakin teku ne a arewa maso yammacin tsibirin, shi kuwa tsibirin yana wajen mil 90 daga gaɓar Amurka. Mutanen Sifen ne suka kafa birnin a inda yake yanzu cikin shekara ta 1519, kuma mazaunansa sun kai wajen miliyan biyu. Baƙon da ya tsaya a titin Malecón, wanda ya bi bakin teku har tsawon mil biyar, abin da zai fara ɗauke masa hankali shi ne motoci. Ga Chevrolet ƙirar 1955, ga Ford, ga Buick, ga Plymouth, duk sun haura shekara sittin, suna ta kai da kawowa maƙare da fasinja. An ƙiyasta irinsu sun kai wajen 60,000 a ƙasar.

To, amma in baƙon yana da kunnen mota, ba zai daɗe ba zai ji abin da bai dace da abin da idonsa ke gani ba. Jiki na Amurka ne, ƙara kuwa ta injin dizal ce, ga kuma baƙin hayaƙi. In aka ɗaga bonet sai a tarar da injin Toyota, ko Hyundai, ko Mercedes, ko Peugeot, ko na Volga ta Rasha. Akwatin giyar da ke bayansa kuma sau da yawa na wani kamfani ne dabam.

Asalin al'amarin

Dalilin haka yana cikin tarihi. Kafin juyin juya halin da Fidel Castro ya jagoranta ya yi nasara a watan Janairu na 1959, kusan duk motocin Kyuba daga Amurka ake kawo su. Da dangantaka ta ɓaci, sai Amurka ta hana sayar wa Kyuba yawancin kayayyaki a watan Oktoba na 1960, sa'an nan Shugaba Kennedy ya cika takunkumin a watan Fabrairu na 1962. Daga nan sababbin motoci da kayan gyaransu suka yanke.

Tarayyar Sobiyet ta riƙa aiko da Lada da Moskvich da Volga, amma hukuma ce ke raba su. Har zuwa 2011, motocin da aka shigo da su kafin juyin ne kaɗai mutum ke da ikon saye da sayarwa yadda ya ga dama. Saboda haka tsohuwar mota ta zama dukiyar gida, ana gadonta kamar gona. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, mai ya yi wuya, bas-bas na hukuma suka ragu ƙwarai, sai masu tsofaffin motocin suka shiga haya. Injinan fetur na asali kuwa shan mai gare su, ga tsufa. Ba su da wata mafita sai injin dizal, kowane iri aka samu. Masu iya magana sun ce da babu gara ba daɗi.

Yadda ake ɗaura auren

Wanda Allah ya ba sa'a yakan sami inji tare da akwatin giyarsa, ya ɗora su gaba ɗaya. Wanda bai samu ba, dole ya haɗa abin da ke hannunsa, a nan kuwa ake gane gwani. Kowane kamfani yana da nasa tsarin ramukan noti a bayan inji, akwatin giya ma haka. Ramukan Hyundai ba za su hau na Toyota ba. Saboda haka makaniki yakan sami faifan ƙarfe mai kauri, ya huda masa ramuka iri biyu, ɗaya na inji, ɗaya na giya, ya sa shi a tsakani ya zama waliyyin auren.

Huda ramukan ba shi ne mai wuya ba. Wuyar ita ce daidaita tsakiya. Akwai sandar ƙarfe da ke fitowa daga akwatin giya ta shiga bayan inji, kuma tilas ne tsakiyarta ta yi daidai da tsakiyar babbar sandar da injin ke juyawa. Kuskuren da masana ke yafewa bai wuce kashi biyar cikin dubu na inci ɗaya ba, watau kamar kaurin takarda. In ya zarce haka, motar za ta tashi, har ta yi tafiya, amma a hankali sai boris ya cinye, kuloci ya riƙa karkarwa, giya ta riƙa fita da kanta ana cikin gudu. Don haka ake kafa 'yan turaku biyu na ƙarfe a jikin faifan, su riƙe shi kada ya gusa.

Sai kuma kuloci, wanda shi ɗan gida biyu ne. Murfinsa ana ɗaure shi ne a jikin babban faifan da ke bayan inji, don haka dole ya dace da injin. Farantinsa kuwa yana hawa haƙoran sandar giya, don haka dole ya dace da giyar. In ba a sami farantin da ya cika sharuɗɗan biyu ba, akan cire cibiyar wani a dasa wa wani. Bakin sandar kuma yana bukatar zoben tagulla da zai zauna a ciki, wanda ake sassaƙawa a kan injin sassaƙar ƙarfe gwargwadon awo. Har wa yau kaurin faifan nan na tsakani yakan tura akwatin giya baya, ta yadda sandar ba za ta kai inda ya kamata ba, sai an rage wani wuri ko an ƙara.

Ko an gama wannan da sauran aiki. Za a yi waldar sababbin ƙafafun da inji zai zauna a kan shasi, a yanke farfela ko a ƙara mata tsawo, a nemo wa sitata wurin zama. Motocin da suka girmi tsakiyar shekarun 1950 wutarsu bolt 6 ce, gama Chevrolet ba ta koma bolt 12 ba sai 1955, Ford kuma 1956, saboda haka wayoyi ma sai an sake. Bayan haka injin dizal ba ya juyawa da sauri kamar na fetur. In aka bar shi da tsohuwar giya mai hawa uku, wadda sandarta ke jikin sitiyari, sai ya yi ta kuka mota ba ta gaba. Shi ya sa ake son akwati mai giya biyar, a huda ƙasan mota a fito da sandarsa, wani lokaci har aksil na baya a canza.

A kan titi

Amfanin duk wannan wahala ana ganinsa da safe a dandalin Parque de la Fraternidad, kusa da ginin Capitolio da aka gama a 1929. Daga nan motocin ke ɗiban ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa unguwannin Vedado da Playa da Marianao. Mutanen gari suna kiran motar almendrón, watau ƙatuwar ƙwayar almon, saboda kumburin jikinta, direba kuma botero, watau ɗan fito. Kowace mota tana da hanyarta, fasinja ya yi alama da hannu, in hanyarsu ɗaya a tsaya masa, ya shiga a matsa.

Waɗannan dabam suke da masu buɗaɗɗen sama, masu fenti mai ƙyalli, waɗanda ke jiran 'yan yawon buɗe ido a Parque Central. A cikinsu akan sami masu injin asali, domin baƙo yana biyan kuɗin kyau ne da ƙara. Amma motar talaka ba ruwanta da asali, ita dai ta kai shi wurin aiki.

Sai dai abin yana da nasa haɗari. Injin dizal ya fi nauyi da jijjiga, birkin da aka ƙera wa motar tun farko kuwa ba lallai ya iya da sabon ƙarfin ba, shi ya sa mai hankali kan sake birki tare da inji. Hayaƙin yana damun mazauna ƙananan titunan Centro Habana. Waldar da ba ta kama ba kuma, ko farfelar da ba a daidaita ba, tana iya jawo asarar rai. Ga tsadar mai, wanda hukuma ta ninka kuɗinsa wajen sau biyar a watan Maris na 2024.

Duk da haka, wanda ya ratsa lungunan Cerro ko Marianao zai ga mota a bakin titi an ɗage ta, mutum a kwance ƙarƙashi, yaro yana miƙa masa sifana. Ranar da motar nan ta kwana a haka, gidan mai ita ba a sami na cefane ba, mutane da dama kuma sun makara wurin aiki. Baƙo yakan ɗauki hoton fenti da fitilu ya tafi. Mai motar kuwa ya san abincin iyalinsa yana rataye ne a kan wani faifan ƙarfe da ba mai ganinsa, da kuma hannun da ya auna tsakiyarsa daidai.