Injin ya daɗe yana kuka, mu ne ba mu da kunne

1/ Zare ne, mai haƙuri ya biyo ni. Ina aji uku a FUDMA, sashen kwamfuta, aka tura mu SIWES. Na samu wani shago a cikin Katsina mai injin CNC, irin wanda ke sassaƙa fulawa jikin ƙofofi da allon gadon amare. Kai dai ka ba kwamfuta zane, injin ya bi ya yanka.

2/ Sati na biyar na ɓata allon gado. Ana tsakiyar aiki injin ya tsaya cak, ya nuna lodi ya yi mashi yawa. Muka tada shi, ya ci gaba amma ya goce, fulawar ta fito kamar an take ta. Oga ya ce fayil ɗina ne. Katako na mutane, biki saura kwana tara, ga littafin SIWES ɗina a hannunshi bai sa hannu ba.

3/ Wallahi na duba fayil ɗin nan ya fi sau goma. Babu komai.

4/ Ranar Juma'a na hau mota na tafi gida Kurfi. Baba yana da injin niƙa tun ban san kaina ba. Ina ba shi labari yana ta gyaran bel, ko kallona bai yi ba. Can ya ce: "Kai ɗan nan, ka taɓa sauraren shi babu kaya a ciki?" Shi kullum da safe sai ya bar injin ya yi gudu fayau kafin ya zuba masara. In kukan ya sake, ya san boris ne ko bel, ba hatsin mutane ba.

5/ To ni ba ni da kunnen Baba, kuma shagonmu ƙarar abin yanka ta danne komai. Amma moton sarbo yana da wata murya. (Moto na lantarki nake nufi, ba motar hawa ba, kar wani ya zo mani.) Ƙarfin juyin da yake bayarwa yana tafiya daidai da wutar da yake ja. Hanya ta yi tauri, ya ƙara jan wuta.

6/ Abin da ke ruɗar mutane shi ne sarbo ba ya nuna gajiya. Bayanshi akwai inkoda mai ƙirga inda ya kai. Da ya fara makara, akwatin da ke ba shi wuta, wanda ake ce ma direba, zai ƙara mashi. Yawancinsu suna iya kai ninki uku na ƙarfinsu na ɗan lokaci. Kai kana ganin aiki sumul, shi kuwa yana ci da ranshi.

7/ Ga zafi kuma. Ka ninka wuta sau biyu, zafin wayoyin ciki ya ninku sau huɗu. Direba yana tara wannan lissafin ne a hankali, sai ya cika ya yanke. Kenan ranar da injin ya tsaya, ba ranar matsalar ta fara ba.

8/ Litinin na fara da mitar nan mai baki kamar kunama, na maƙala ma wayar moto. Shirme. Direba yana yayyanka wutar sau dubbai a daƙiƙa, saurin bugunta ma yana canzawa da gudun moto, lambobin sai rawa suke. Ashe direban da kanshi yana da lissafin lodin, kashi nawa cikin 100, kuma yana bayarwa ta Modbus. Waya biyu ta RS-485 da ɗan abin USB, shi kenan.

9/ Manhajar injin LinuxCNC ce, kyauta. Akwai wani sashe a cikinta, mb2hal, da ke ɗauko lambar ya shigo da ita. Kwana biyu na yi ina fama saboda na rubuta adireshin da kuskuren lamba ɗaya. Ɗaya tak. Kar ku tambaye ni me na ce ma kaina.

10/ Da ta fito, na yi na Baba. Na ɗaga abin yanka sama, na tura kan injin daga wannan gefe zuwa wancan, babu katako. Lodi yana wajen kashi 20, sai ya zo wani wuri ya haura 90, ya wuce ya sauko. Na dawo da shi, nan dai. Sau shida, wuri ɗaya. Iska yake yankawa, jama'a.

11/ Na kira Oga na nuna mashi zanen. Bai ce komai ba, ya ɗauko sifana. Ƙurar hunturu da garin katako sun haɗu da tsohon giris sun daskare a sandar da kan injin ke bi, boris ɗaya ya fara ci. Aka wanke, aka canza shi, lodi ya kwanta.

12/ Bai ce yi haƙuri ba, ni ma ban sa rai ba. Ya dai ce in bar mashi abin a fuskar kwamfuta. Na sa mashi kala: kore, ruwan ɗorawa, ja. Allon gado aka sake yanka wani, ya kai kafin biki.

13/ Kar in yi maku ƙarya, abin yana da iyaka. Modbus ba shi da sauri, bugu na ƙiftawar ido yana wuce shi. Kuma lodi yana tashi duk sanda moto zai ɗauki gudu, wannan ba ciwo ba ne. Na kuma so in gane dakushewar abin yanka da shi, bai nuna sosai ba. Wannan sai an karanta wutar moton da ke juya bakin yankan.

14/ Shi nake son in yi furojet a kai yanzu da na dawo Dutsin-Ma, in malamina ya yarda. Na nuna ma Baba zanen a waya, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko za a iya sa ma injinshi. Na ce nashi na dizal ne, ba ya jan wuta. Ya miƙo mani wayar, ya ce in riƙe mashi bel.