Shawara Ga Sabon Mai Nutso Game Da Ruwan Ƙaraye Da Rogo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa labarin ruwan ƙasarmu, in kuma yi wa samarinmu gargaɗi.

Rogo tana yamma maso kudu da Kano, a kan iyakar ƙasar Katsina da ta Zazzau. Mu dai manoma ne. A da ba mu san wani ruwa ba sai na rafi da kududdufi, waɗanda su kan ja baya da rani. Amma a 1992 aka gama babbar madatsa a kan Kogin Challawa a ƙasar Ƙaraye, tsayin bangonta mita 42, tsawonsa ya kusa mil 5. Ga tafki ya zo mana har ƙofar gida, alhali kuwa kakanninmu ba su bar mana ilmin babban ruwa ba, kamar yadda Kabawan Argungu su ka gāda, waɗanda tun 1934 a ke zuwa kallon sunsu.

Yanzu kuwa ga wata sabuwar sana'a, watau nutso da tulun iska a baya. Waɗansu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su su ka ƙago na'urar a 1943. Wanda ya koya ya ci jarrabawar farko a kan ba shi takardar shaida, a ce kada ya zarce zurfin ƙafa 60, kada kuma ya nutsa shi kaɗai. To, takarda ta shaida ya san kayansa, amma ba ta shaida ya san ruwanmu ba. Baƙo ko da ido makaho ne.

Na bi bakin tafkin nan da ƙafa, na zauna da masunta a inda su ke ɗaure kwalekwale, ga abin da na ga ya kamata mai neman wurin shiga ya duba.

Na farko, ya nisanci bangon madatsa. Ko da ya ke nan ne ya fi daɗin zuwa da mota, ruwan kuma ya kan yi luf kamar tabarma, a ƙarƙashi akwai ƙofofin da a ke sakin ruwa. Ran da aka buɗe su, jan ruwan ya fi ƙarfin kowane gwani. Wurin kuwa yana hannun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, ba a shiga sai da izninta.

Na biyu, ya tuna wannan tafki gonaki ne da daji ruwa ya rufe. Inda ka ga kan busasshen itace ya leƙo, akwai 'yan'uwansa a ƙasa da ba su leƙo ba, tsofaffin taru da igiyar ƙugiya sun sarƙe a jikinsu. Ruwan kuwa ba garau ya ke ba kamar na tekun da a ke nunawa a hoto. Da damina ja wur ya ke, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Sabo da haka a jira kaka ta wuce ruwa ya kwanta, a riƙe wuƙa, a kuma tambayi Sarkin Ruwa inda aka kafa taru kafin a jiƙa ƙafa.

Na uku, ya dubi mafita kafin mashiga. Tulu da dalma da sauran kaya nauyi gare su, kusan rabin buhun hatsi. Wanda ya gangara gaɓa mai santsi da ƙarfinsa, da gajiya zai hawo ta. A nemi inda ƙasa ta gangara sannu sannu, mai yashi ko tsakuwa, a bar wurin taɓo da mashayar shanu. A bar kwata kuma, don mai tuƙa kwalekwale ba ya ganin wanda ke ƙarƙashinsa.

Na huɗu, ya guji bakin ruwa mai ciyawa da kacalla inda yara ke wanka. Nan ƙananan katantanwa su ke zama, su ne ke renon ƙwayar tsargiya, watau fitsarin jini. Ta fata ta ke shiga, ba sai an sha ruwan ba. Wanda ya ga jini a bawalinsa ya tafi asibiti, akwai magani.

Na biyar, wanda malamai za su fi jin daɗin lissafinsa. Ƙasarmu tudu ce, birnin Kano kansa ya ɗara teku da wajen ƙafa 1,500. Jadawalin da a ke koya wa ɗalibi, mai nuna minti nawa zai yi a zurfi kaza, don bakin teku aka yi shi, ba ya aiki yadda ya ke in an haura ƙafa 1,000. Dalili kuwa, iskar da mutum ya shaƙa a zurfi ta kan narke cikin jininsa. In ya taso inda iskar sama ba ta da nauyi, sai ta yi saurin fita ta yi kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo, ta kama gaɓoɓi ko ta shanye jiki. Sai a rage zurfi, a rage lokaci, a taso a hankali, a dakata minti 3 a ƙafa 15, kada kuma a riƙe numfashi.

Wani zai ce, "Ai kwana in ya ƙare ya ƙare." Gaskiya ne, amma Allah da Ya yi ruwa Shi Ya ba mu hankali. Ba mu manta da kwalekwalen da ya kife a ruwan Bagwai a watan Nuwamba na 1921 da ɗari ba, watau 2021, inda aka rasa rayuka da yawa, galibinsu almajirai ƙanana. A irin wannan rana ce a ke neman masu nutso ido rufe. Sabo da haka ba hana samari na ke yi ba, so na ke su koya sosai su daɗe, su yi wa ƙasa amfani.

Ina roƙon hakimai da dagatai na Ƙaraye da Rogo su sa masunta su nuna wuraren da su ka fi aminci, a kafa alama a wuraren hatsari. Malaman makaranta kuma su karanta wa yara wannan. In akwai wanda ya san ruwan Tiga ko na Bagauda, ina so ya rubuto mu ƙaru.

Allah Ya kiyashe mu, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Rogo.