Marakish: Inda Baƙi Ke Rububin Tsofaffin Gidaje

Baƙon da ya ratsa lungunan tsohon birnin Marakish na ƙasar Maroko ba abin da zai gani sai dogayen bangaye jajaye marasa taga, da ƙofofin katako masu nauyi. Dukiyar tana daga ciki. Da an wuce zaure mai lanƙwasa sai a faɗa tsakar gida mai itatuwan lemo, ga ruwa yana ɓuɓɓuga a tsakiya, ɗakuna sun kewaye ta. Irin wannan gida shi ake kira riyad, watau lambuna da Larabci, shi ne kuwa hajar da Turawa suka daɗe suna rububi a kanta.

An kafa birnin wajen 1070, ganuwarsa kuma ta kai kimanin kilomita 19. Bayan Faransa ta kama ƙasar cikin 1912 sai ta gina sabuwar unguwa, Geliz, a bayan ganuwa. Sannu a hankali masu hali suka ƙaura, suka bar gidajen kakanninsu ga 'yan haya, iyalai barkatai a gidan da aka gina don mutum ɗaya da zuriyarsa. Rufi ya yi ta yoyo ba mai gyarawa. Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihi na duniya a 1985, amma kuɗin gyara sai wajen ƙarshen shekarun 1990 suka fara kwararowa, sa'ad da Faransawa suka gane cewa kuɗin ɗan ƙaramin gida a Faris sun isa sayen gida mai kama da fada a nan. Yarjejeniyar sufurin sama da Maroko ta ƙulla da Tarayyar Turai cikin 2006 ta kawo jirage masu araha, farashin gidaje ya yi sama.

Cinikin ba sauƙi gare shi ba. Gidaje da yawa ba su da rajista a ofishin filaye, sai tsohuwar takarda da ake kira mulkiyya, wadda adalai biyu suka rubuta da hannu. Gida ɗaya yakan zama na magada masu yawa, wasu suna Kasabalanka, wasu suna Turai, kuma in ɗaya bai sa hannu ba, yana iya ɓullowa bayan shekaru ya kai ƙara. Wanda ya biya kuɗi don dillali ya ce kome lafiya, to, ya sayi shari'a.

Sa'an nan ga gyara. Mota ba ta shiga lungu, saboda haka yashi da tubali sai a kan jaki ko amalanke. Tsohon bango na ƙasa da farar ƙasa yana son iska, in aka yaɓa masa siminti sai danshi ya ci shi daga ciki. Dole a nemo gwanayen magina masu yaɓen tadalakt, wanda ake gogewa da dutse da baƙin sabulun zaitun har ya yi sheƙi, da masu sassaƙa ƙananan tayil na zallij ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ce, kuɗin baƙi sun raya waɗannan sana'o'i, sun kuma tsai da bangayen da suka kusa faɗuwa. Akasarin gidajen an mai da su masaukai, daga kuɗin kwana ake fid da riba.

Amma maƙwabta su suka san inda abin ke ciwo. Saman soro a al'adar birnin wurin mata ne, inda suke shanya da hira. Yanzu ana samun baƙi kwance a soron maƙwabci suna shan rana, suna hangen tsakar gidan mutane. Talakan da aka yi wa tayin kuɗin da bai taɓa riƙewa ba yakan sayar, ya koma sababbin unguwanni na gefen gari, ba kuma zai iya sake saye a inda aka haife shi ba. Mai gasa burodin unguwa da gidan wanka na jama'a sai su rasa masu zuwa.

Ran 8 ga Satumba 1923 ba a san wannan kasuwa ba. Shekara ɗari daidai bayan haka, ran 8 ga Satumba 2023, girgizar ƙasa daga duwatsun Atlas ta kashe mutum kusan 3,000. A Marakish hasumiyar wani masallaci a dandalin Jami'ul Fana ta rushe, tsofaffin gidaje kuma suka zube a unguwar Mallah, mutane suka kwana a filin Allah. Cikin Oktoba, wata guda bayan haka, Bankin Duniya da Asusun Ba Da Lamuni na Duniya suka yi taronsu na shekara a birnin kamar yadda aka shirya.