Jemage a Tsakar Gida: Tsarabata Daga Daura

Uwargida, in kin taɓa zuwa Daura a watan Afrilu, kin san irin zafin da nake nufi. Daga Kano muka taso da sassafe, muka bi ta Kazaure, amma kafin mu shiga gari rana ta riga ta buɗe. Hutun kwana huɗu na samu a wurin aiki, na kwashi yarana biyu zuwa gidan gwaggona.

Ba a kai yaro Daura a dawo da shi bai ga rijiyar Kusugu ba. A can aka ba su labarin da ke ma kika tashi da shi: macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙo Bayajida da ya sare kansa, da Sarauniya Daurama. Muka sha ruwan rijiyar, muka wuce ta ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar. Ɗana mai shekara takwas ya dawo gida yana wasan takobi da karan dawa.

Washegari da azahar na ji ihu a tsakar gida. Ko da na fito, yara biyar sun yi da'ira a gindin mangwaro, ɗana na gaba da karansa. A tsakiya wani jemage ne mai launin ruwan ƙasa-ƙasa, yana jan jiki da fiffike ɗaya, yana buɗe baki. Ƙaramar jikar gwaggo har ta miƙa hannu.

Abu na farko da ya kamata ki sani: jemage mai lafiya ba ya kwanciya a ƙasa da rana tsaka. Ko zafi ya galabaitar da shi, ko an harbe shi da danƙo, ko jariri ne da ya suɓuce daga jikin uwarsa, ko kuma ba shi da lafiya. Da ido ba za ki bambance ba. Yawancin jemagu ba sa iya tashi daga ƙasa, sai sun rataya sun saki jiki. Shi ya sa na ƙasa yake cizo, don ba shi da hanyar gudu.

Ga abin da na yi, ke ma za ki iya. Na kori yara ɗaki, na sa aka kama kyanwa. Ban taɓa shi da hannu ba. Na kife shi da kwali, na zura wani faifan kwali ta ƙasa a hankali, na juya. Na huda ƙananan ramuka, na saka tsumma da murfin gwangwani mai ɗan ruwa, na ajiye a inuwa. Bayan magariba ɗan gwaggo ya ɗora kwalin a reshe mai tsayi ya buɗe. Da asuba babu jemage. Da mun tarar da shi, ofishin likitan dabbobi za mu nufa. Wanda ya mutu kuwa, a ɗauke shi da shebur a binne da zurfi.

Gwaggo ta ce, "Ke kuwa, wannan wahala duk a kan jemage?" Na ce mata shi ne ke yaɗa irin itatuwa da dare, ƙaninsa birbiri kuma ƙwari yake ci. Kuma bugunsa da sanda ne ke kawo yaro kusa da haƙoransa.

Aikina na gaske ya fara ne bayan an rufe kwali. Na zaunar da yaran, na raba musu alewa, na tambaye su cikin wasa: wa ya taɓa shi? A asibiti na sha gani, yaron da ke tsoron bulala ɓoye ciwo yake yi. Haƙorin jemage siriri ne kamar allura, wani lokaci ko jini ba ya fita. Na duba hannu da ƙafar kowa ɗaya bayan ɗaya. Alhamdu lillahi, babu ko ƙwarzane.

Me ya sa na damu haka? Kusan duk ciwon haukan kare da ke kama mutane daga kare yake, kuma yawancin jemagu ba sa ɗauke da komai. Amma wasunsu na ɗauke da ƙwayoyin cuta 'yan'uwansa. An fara gano ɗaya a jikin jemagu a Legas a 1956. A 2007 jemage ya yakushi wata likita 'yar ƙasar Holan a hanci, a Kenya. An wanke wurin, ba a yi mata allurar riga-kafi ba, bayan 'yan makonni ta rasu. Irin wannan ciwo, da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tashi.

Don haka in an samu cizo ko yakushi, komai ƙanƙantarsa, ki wanke da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, ki duba agogo. Kada ki sa toka, kananzir ko man ja. A ranar ki kai shi asibiti, ki faɗa a fili cewa jemage ne. Allurar ba ɗaya ba ce, akwai ranakun komawa, kada ki tsallake ko guda. In kina Zango, Baure, Sandamu ko Mai'aduwa kuma babu allurar a kusa, ki nemi a tura ki Daura ko Katsina. Mangwaron da kika ga an gatsa a ƙasa ma, ki zubar.

A mota muna dawowa, ɗana ya tambaye ni, "Umma, da Bayajida ne da kashe shi zai yi ko?" Na ce macijin ruwa ya hana mutane, shi kuwa wannan ruwan yake nema. Ya yi shiru, can ya ce in ya ga wani zai kira ni, ba zai taɓa ba. Ki sa naki su yi miki wannan alkawari yau.

Allah Ya tsare mana zuri'a.