Masauki a Bakin Daji

Da muna yara a Roni ba mu san wani abu wai shi gidan saukar baƙi ba. Baƙo zauren mai gari yake sauka ko na liman, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa da tuwon dare. In falke ne ya nufi gidan fatoma. Ba a tambayarsa abin da ke tafe da shi sai ya huta. Amma da wani zai ce ya taso musamman don ya kalli tsuntsu, ba kamu ba, ba harbi ba, da sai dai a yi masa addu'ar samun lafiya.

Yau kuwa abin sana'a ne. Tun 1962 aka buɗe dajin Yankari ga masu yawon buɗe ido, suna kwana a sansanin Wikki, su kalli giwaye, su yi wanka a ruwan ɗumi. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya tako har Dagona ta jihar Yobe ta yanzu saboda tsuntsayen fadama. Mu ma a Jigawa muna da Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wadda aka sa a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008.

Bayan na yi ritaya daga koyarwa na sauka a wani ƙaramin masauki a ƙasar Haɗeja da hunturu, lokacin da agwagin Turai ke ƙetaro Sahara su sauka a fadama. Ɗakin ba wani abin a zo a gani ba ne: katifa, gidan sauro, bokitin ruwa. Ban damu ba, don ba kwana ya kai ni ba. Abin da ya biya ni kuɗina shi ne dattijon da aka haɗa ni da shi, tsohon maharbi da ya rataye bindiga. Muna idar da sallar asuba muka fita a ƙafa. Ba mu yi nisa ba ya ce, "Malam, sassauta tafiya, ka kuma rage magana." Shekara da shekaru ina hana yara surutu a aji, ga shi yau an hana ni.

Kafin rana ta ɗago ya nuna mini kirinjijiya garke guda, da dinya, da zalɓe tsaye kamar mai jiran bashi. Yana duban sawu a laka ya ce wannan guza ne, wancan dila, kuma da daren jiya ya wuce. Shi ya ba ni labarin yadda ambaliya ta ragu bayan an datse ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992, da yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Bai yi boko ba, amma abin da ke kansa babu shi a allon sanarwar kowane otal.

Tafiyar ƙafa da keke su ne ma'aunin ganin daji. Na san haka tun ina taka Raleigh tsakanin Roni da Kazaure. A kan keke kana jin kukan fakara kafin ka gan ta, kana lura da ranar da shamuwa ta iso, ka koma gida ka ce a gyara fartanya, damina ta kusa. Mai babur ba ya ganin komai sai rami da ƙura, ƙarar injinsa ma ta kori abin kallon tun daga nesa.

Wasu samarinmu kan zo mini da zancen a gina irin wannan masauki a nan, tunda Allah ya ba mu duwatsu da iska mai daɗi, ga dam ɗin Kazaure kusa. Ban ƙi ba. Bayan damina, in gero ya nuna, hawa dutse da yamma ba ƙaramin shaƙatawa ba ne. Sai dai nakan tambaye su: me baƙon zai gani, wa kuma zai nuna masa? Ungulu da muke kora a mahauta yanzu sai a shekara ba a ga ɗaya ba. Gauraka sai a labari. Kirya da marke suna tafiya birni a buhunan gawayi, zabon daji da gada kuwa ba sa zama inda babu duhuwa. Tsofaffin maharba da makiyaya da suka san sawu da kuka suna ƙarewa, jikokinsu sun fi sanin lambar waya da sunan tsuntsu.

Don haka na ce musu su bar maganar bulo da tayil tukuna. Su je wurin hakimi a keɓe wani gefen dutse da ba za a sa masa gatari ba, su samo kekuna ko da biyar ne, su zauna da maharban da suka rage su rubuta sunayen tsuntsaye da wuraren kwanansu, su kuma yanka wa ɗan jagora kuɗinsa daban, kada a ce da shi "Allah ya saka" kawai. Ɗakin kwana kuwa, nawa zauren ma ya isa baƙo biyu kafin a ga yadda abin zai kama.