Rijiyar Da Aka Daina Sha Ba Ta Daina Haɗari Ba

Duk wanda ya tashi a tsofaffin unguwannin Gombe, irin su Jekadafari, Bolari da Kumbiya-kumbiya, ya san darajar rijiya a cikin gida. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 al'amura suka sauya. Ruwan famfo daga madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola ya shigo, burtsatse ta yawaita, ga kuma 'yan garuwa. Sai rijiyoyi da yawa suka koma bayan gida a yashe, an ɗora musu tsohon kwano da dutse, an manta.

Tamu ma haka ta zauna shekaru. Kakanmu ne ya haƙa ta, makwabta sun sha daga gare ta kyauta. Ruwanta ya ja baya, bakinta ya fara zubewa, ga jikoki suna wasa a kusa. Da muka kawo maganar cike ta, Hajiya ta ce, "Ku yanzu sadakar mahaifina za ku binne?" Yayanmu ya ce, "Hajiya, ladansa na wurin Allah, amma idan yaro ya faɗa, me za mu ce wa uwarsa?" Ta yi shiru, washegari ta ba da izini.

Ba mu manta da yaron nan ɗan shekara 5 ba, wanda ya faɗa rijiya mai zurfin mita 32 a Maroko a watan Fabrairun 2022. Kwana biyar ana haƙa, duniya na kallo, amma ba a same shi da rai ba. Kwano yana ruɓewa, katako gara na ci, yaro kuwa bai san rami ba.

Haɗari na biyu ba a ganinsa da ido. Wasu kan mayar da tsohuwar rijiya bola, wasu ma masai. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Ƙazantar da ka zuba a taka, ita makwabcinka zai jawo da gugarsa, kuma ta nan amai da gudawa ke shiga unguwa. Shi ya sa masana lafiya ke cewa a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya.

Ga yadda mai haƙan rijiyar da muka ɗauko ya yi mana. Ya fara fitar da tarkacen ciki da ƙugiya daga sama, bai bari kowa ya shiga ba, domin rijiyar da ta daɗe a rufe iskarta na iya kashe mutum nan take. Ya zuba sinadarin kulorin, sannan tsakuwa da yashi mai tsabta har suka haye ruwan. Daga nan sai yumɓu, ana zubawa kaɗan-kaɗan ana kirɓawa don kada ta lotsa daga baya. Ya rushe ginin bakin zuwa kamar mita 1 ƙasa, ya zuba kankare, ya bi da jar ƙasa ya yi tudu don kada ruwan sama ya kwanta. Bayan damina muka ƙara ƙasa inda ta zauna.

Wanda rijiyarsa ke da ruwa mai kyau, ba na cewa ya cike ta, domin kowa ya san yadda famfo ke ɗaukewa. Ya ɗaga bakinta, ya yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo. Amma wadda ta ƙafe ko ta gurɓace, a cike ta yadda ya dace. Masu gidajen haya da magadan da suka bar gida ba kowa, wannan nauyi na wuyanku. Wanda ya ga irinta a kango ya sanar da mai unguwa. Allah Ya kare mana zuri'a, amin.