Gonar Baba A Kan Kwali

Da yawanku sun aiko suna tambayar dalilin da ya sa aka daina jin ɗuriyata, har wata baiwar Allah ta ce ko maigida ne ya hana ni rubutu. Wallahi ba ruwansa. Biro na ajiye na ɗauki burushi, ga kuma yadda abin ya faro.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da gona a hanyar Dawakin Kudu, can muke zuwa hutun damina muna yara. Da ya rasu aka zo rabon gado, mu goma sha ɗaya, babu yadda za a yi sai a sayar. A shekarar 2014 aka yanka ta filaye. Bayan 'yan shekaru na bi ta wajen za ni biki, na ce wa mai Adaidaita ya tsaya, na fito na yi ta dube-dube, ban gane komai ba. Bulo ne ko'ina. Kukar da muke fakewa a gindinta babu ko kututturenta.

Da na dawo gida sai na ce bari in rubuta ta, ai rubutu sana'ata ce. Nan na ji kunya. Shekara da shekaru ina fitar da littattafai kashi-kashi ana kai su Bata da Sabon Gari, na iya kwatanta falo da labulensa, na iya jera akwatunan lefe, na san kalar leshin da amarya za ta ɗaura, amma ban taɓa kwatanta sararin sama ba ko sau ɗaya. Shafi uku na yaga.

Sai idona ya faɗa kan fentin ruwa na ɗiyata, irin na 'yan firamare ɗin nan. Na yanko kwalin taliya na fara. Abin da ya fito, yaran gidan suka ce tsintsiya ce aka kafa a kan tuwo.

Ban taɓa shiga ajin zane ba, karatuna a sakandare ya tsaya. Malamaina su ne waya da kuma masu rubutun allon shago, da nake tsayawa daga nesa ina kallon yadda suke haɗa kala. A hankali na gane jar ƙasa ba jan fenti kaɗai ba ce, sai an sa rawaya da ɗigon shuɗi ta kwanta. Na gane abin da ke nesa dole ya kwashe kala ya yi fari-fari, shi ya sa Dutsen Dala da Goron Dutse suke zama kamar inuwa idan hazo ya sauka. Inuwar bishiya ma ba baƙa ba ce, wata biyu na yi ina ɓata kwali kafin in yarda da wannan. Fentin mai kuwa da warin kalanzir sun kusa haɗa ni faɗa da mutanen gida, dole na koma wanda ake wanke burushinsa da ruwa.

Yayanmu babba ya zo ya tarar da ni a tsakar gida hannu duk fenti, ya ce, "Yanzu ke da girmanki zane-zane? Kin san hukuncinsa kuwa?" Na ce, "Yaya, duba da kyau, ko tsuntsu babu." Dama na riga na yi tambaya a Islamiyya, aka sanar da ni cewa Abdullahi ɗan Abbas ya ba wani mai zane shawarar ya riƙa zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Ya yi shiru yana kallo, can sai ya ce ai burtalin ta gabas yake, na juya shi. Muka yi ta musu har la'asar, wanda rabon da mu yi doguwar hira irin wannan tun ranar rabon gado.

Ko kwabo ban taɓa samu da zane ba, ba kuma zan ce na iya ba, gajimarena har yau kamar auduga yake fitowa. Gonar nan na zana ta sau goma sha huɗu.

Na ƙarshen na kai wa Inna, wadda yanzu idonta ya yi rauni. Ta sa aka fito da ita hasken rana, ta kai shi dab da fuskarta, ta daɗe ba ta ce komai ba, tana bin jikin kukar da yatsa. Sannan ta ce, "'Yar nan, ina ɗorawar da ke bayan rijiya? A nan babanku yake shimfiɗa buzunsa."

Wallahi na manta da ita sam. Na riga na sa an yanko mini sabon katako, jibi in Allah ya kai mu zan koma wajenta ta nuna mini daidai inda take.